Wai dole ne sai an tarwatsa roka kafin a yarda na'urar tsira tana aiki?

Sarkin_Gardama:
Salam 'yan zaure. Daren jiya na ci karo da bidiyon gwajin da kamfanin SpaceX na Amurka ya yi ranar 19 ga Janairun 2020. Sun harba roka Falcon 9 lafiyayya, cike da mai, ba ta kai minti ɗaya da rabi a sama ba suka kashe mata injuna da gangan. Kumbon da ke kanta ya fizge ya yi gaba, ita kuma ta tarwatse ta zama wuta, ma'aikata kuwa sai tafi da sowa. Ni abin ya ɗaure mini kai. A wannan zamani da kwamfuta ke iya kwaikwayon iska da zafi da gudu, me ya sa sai an ƙona roka sukutum don a nuna 'yan sama jannati za su iya tsira? Ni dai ina ganin burga ce da neman suna. Wanda ya san abin da ban sani ba ya fahimtar da ni.

Gamzaki:
Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, Sarki. Kuma ka ce lafiyayya, to amma ba sabuwa ba ce. Ƙasan rokar nan ya riga ya tashi sau 3 kafin ranar, wannan ne na huɗu. Sashe na biyu ma ba su sa masa injin gaske ba, wani abu mai nauyinsa suka ɗaura. Ba su kai yadda kake zato wajen ɓarna ba.

Injiniya_Tukur:
Wa alaikassalam. Kwamfuta abin da ka gaya mata shi take lissafawa, abin da ba ka yi tunaninsa ba ita ma ba ta san da shi ba. Misalin yana nan a kumbon da kake magana a kai. Wanda aka shirya yin wannan gwaji da shi tun farko ba shi aka harba ba, domin ranar 20 ga Afrilun 2019 ya fashe a ƙasa, ana shirin kunna injunan tsirar nasa yana ɗaure. Da aka bincika, sai aka ga ɗan sinadarin da ke ƙona mai ya yoyo ya shiga bututun iskar hiliyom. Da aka buɗe matsi, iskar ta tunkuɗa shi da mugun ƙarfi ya bugi wani bawul na titaniyom, ƙarfen ya kama da wuta. Bayan haka suka cire irin waɗannan bawul suka sa wasu faifai da ke toshe hanya gaba ɗaya, ba sa buɗewa sai matsi ya fasa su.

Ka tuna kumbon nan ya je tashar sararin samaniya ya dawo lafiya wata guda kafin nan, babu mutum a ciki. Duk lissafin da aka yi ya ce lafiyarsa ƙalau. Da ba a kunna shi a ƙasa ba fa?

Dalibi_ne_ni:
Yallaɓai ku yi haƙuri, ni sabo ne a nan. Ita na'urar tsirar yaya take? Kujera ce irin ta jirgin yaƙi da ke cillo matuƙi waje?

Zara_Matar_Wata:
@Dalibi_ne_ni ƙanina, an yi irin wannan ma, amma yawanci ba kujera ba ce, kumbon ne gaba ɗaya ake fizgewa. Ka duba hoton kumbon Apollo na Amurka ko Soyuz na Rasha kafin harbi, za ka ga wani siririn abu kamar hasumiya a can ƙololuwa. Ƙaramar roka ce mai busasshen mai. In babbar ta lalace, ita ke jan ɗakin mutane ta yi nesa da shi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, sai laima ta buɗe a sauko. In kuwa tafiya ta yi kyau, bayan minti biyu zuwa uku sai a yar da ita don nauyi ce kawai. Crew Dragon, wato kumbon SpaceX da Sarki ya gani, shi ba ja ake yi ba, turawa ake. Injuna 8 ne a jikin bangonsa, SuperDraco sunansu, suna tare da shi har ya shiga falaki. Starliner na Boeing ma turawa ne, da injuna 4 a ƙarƙashi.

Dalibi_ne_ni:
Na gode Yaya. To an taɓa amfani da ita da mutane a ciki kuwa?

Dattijo_Mai_Rediyo:
An taɓa, yaro. 26 ga Satumban 1983, a filin harba roka na Baikonur, zamanin Tarayyar Sobiyet. Vladimir Titov da Gennady Strekalov suna ɗaure a kujerunsu, saura kamar daƙiƙa 90 a tashi, sai mai ya tsiyaya a gindin rokar, wuta ta kama. Abin da ke ba ni tsoro a labarin nan shi ne wutar ta cinye wayoyin da ya kamata su tayar da hasumiyar da kansu. Su kuma na ciki ba su da maɓallin da za su danna. Sai da mutum biyu a ƙasa, kowa a ɗakinsa, suka danna nasu kusan lokaci guda, umarnin ya tafi ta rediyo. Hasumiyar ta fizge su, 'yan daƙiƙoƙi bayan nan rokar ta fashe. Nauyin jikinsu ya ninka sau 14 zuwa 17 na kamar daƙiƙa 5. Sun sauka kimanin kilomita 4 daga wurin, da ƙujewa da tsamin jiki amma a raye, dandamalin kuwa ya kwana yana ci. Dukansu biyu sun sake tashi daga baya.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Sau 17? Mutum mai kilo 70 ya koma kamar an ɗora masa fiye da tan guda ke nan. Ni ƙirjina ma ya yi nauyi da karantawa.

Sarkin_Gardama:
Baba Dattijo, ban musa amfanin na'urar ba. Ko ni aka ce in hau, ba zan hau babu ita ba. Magana ta a kan gwajin ce. Ga Boeing nan, ba su yi na cikin tafiya ba sam, na kan dandamali kawai suka yi, sauran suka cike da lissafi, kuma NASA ta amince. In dole ne, me ya sa aka bar su?

Bakanike_01:
Ai kuwa ka ga yadda ta ƙare musu, mutum biyu da suka je kwana 8 suka share wata 9.

Zara_Matar_Wata:
@Bakanike_01 kar mu haɗa abin da bai haɗu ba. Abin da ya hana Butch Wilmore da Suni Williams dawowa a Starliner a 2024 ƙananan injunan sarrafa kumbo ne a falaki da yoyon hiliyom. Ba ruwan na'urar tsira, harbin nasu lafiya ya tafi. Ko da Boeing ya tarwatsa roka goma a gwajin tsira, ba zai gano wancan ba.

Bakanike_01:
Na karɓi gyara, Hajiya.

Injiniya_Tukur:
Sarki, gaskiyarka a nan, NASA ta bar kowane kamfani ya kawo hanyar da zai tabbatar da tsarinsa, SpaceX ne ya zaɓi ya yi a aikace. Amma dubi ɗan gwajin da Boeing ɗin ya yi a White Sands ranar 4 ga Nuwamban 2019. Injuna sun yi aikinsu, kumbo ya tashi, sai manyan laimomi 2 suka buɗe cikin 3. Dalili? Wata ƙusa da ke haɗa ƙaramar laima mai jan babbar ba ta shiga madaukinta ba, kuma wurin a rufe yake da wani mayafi, ido bai gani. An sauka lafiya domin 2 sun isa. To a cikin kwamfuta ƙusar nan kullum a zure take.

Ni ba roka nake yi ba, tukunyar tururi nake kula da ita a wata masana'anta. Muna da bawul na gaggawa da ya kamata ya buɗe in matsi ya wuce kima. Takarda ta ce an duba, da sa hannu da hatimi. Ranar da na matsa sai mun gwada shi da tururi na gaske, allurar ma'auni ta wuce jan layi bawul bai ko motsa ba. Na sa aka rage wuta hannuna na rawa. Muka kwance, ashe ɗan ƙarfen da ake maƙala masa don kada ya motsa a hanya lokacin jigila ba a cire ba. Wata 7 muna aiki a gefensa. Tun ranar na daina yarda da na'urar ceto da ban ga ta yi aiki da idona ba.

Gamzaki:
Allah Ya tsare, Injiniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malamar_Kimiyya:
Bari in ƙara abu ɗaya da ban ga an taɓo ba, wato me ya sa ake zaɓar wancan lokacin na minti ɗaya da 'yan kai. Roka na tashi gudunta na ƙaruwa, iska kuma na raguwa yayin da take hawa. Akwai wurin da biyun ke haɗuwa iska ta fi matsa mata, kafin nan gudun bai kai ba, bayan nan iskar ta yi shara-shara. A nan ne fizge kumbo ya fi wuya, domin iska na danna shi baya kan rokar da yake gudu daga gare ta, kuma in ya ɗan karkace zai iya shiga wulwulawa. Shi ya sa NASA da ta gwada na kumbonta Orion ranar 2 ga Yulin 2019 ta kai shi sama da kilomita 9 a kan injin wani tsohon makami mai linzami kafin ta kunna. Ba su ma sa masa laima ba. Akwatunan naɗar bayanai 12 ya watso, aka tsince su a teku, shi kuma ya faɗa ruwa. Ka ga, Malam Sarki, su ma suna tsimi, abin da suke son sani kaɗai suka biya.

Ina nuna wa ɗalibaina da gorar roba da famfon keke. Mukan ɗora ƙwai a kofin takarda a saman gorar, da 'yar laimar leda. A allo komai daidai, a fili kuwa cikin 10 da ƙyar 3 suke sauka ba su fashe ba, kuma kusan kullum zaren laimar ne ke harɗewa.

Sarkin_Gardama:
Malama, wannan na Orion ai goyon bayana yake. Sun yi da tsohon inji, ba su taɓa babbar rokarsu ba.

Malamar_Kimiyya:
Amma dai sun tashi sama sun yi, ba a kwamfuta suka tsaya ba. Da kwamfuta ka fara fa.

Kaza_da_Yayanta:
Kuna ta yabon na'urar nan kamar ba ta da nata sharrin. Ku tuna bam ne aka ɗora a kan mutane, ko aka kewaye su da shi. Disamban 1966 a Baikonur an fasa harba wani Soyuz marar mutane saboda wani inji bai kama ba. Ma'aikata suka dawo jikin rokar, bayan kamar rabin awa hasumiyar tsira ta tashi da kanta, ta kunna wa rokar wuta, aka yi asarar rai a ƙasa. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne na'urar auna karkata ba a kashe ta ba, duniya kuma tana juyawa, sai ta ɗauka rokar ce ta kauce hanya. Ga kuma fashewar 2019 da Injiniya ya kawo. Garin gyaran gira ana iya rasa ido.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Haka ne. Amurkawa ma sun sha kunyarsu da ita tun farko. A Nuwamban 1960 rokar gwajin kumbonsu Mercury ta ɗaga kamar santimita 10 ta koma ta zauna, injin ya mutu. Hasumiyar ta ɗauka an gama tafiya lafiya, ta yi sama abinta ta bar kumbon a wurin, can sai laimomi suka faso suka zubo a gefen roka cike da mai. Kowa ya rasa yadda zai matsa kusa, sai da aka jira batir ya mutu. Amma ka lura, @Kaza_da_Yayanta, duk waɗannan babu kowa a cikin kumbo. Da ba a yi su ba da mutum za a gano.

Kaza_da_Yayanta:
Wanda ya mutu a ƙasa a 1966 shi ma mutum ne, Baba.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Ka yi gaskiya. Na yi saurin magana.

Uwar_Biyu:
Ni tambayata, jirgin nan mai fukafukai da ya fashe da malamar makaranta a ciki, shi ba shi da wannan abin ne?

Zara_Matar_Wata:
Challenger, 28 ga Janairun 1986, daƙiƙa 73 da tashi, mutum 7 har da Christa McAuliffe. Ba shi da shi, Yaya. Tafiye-tafiye 4 na farko na Columbia, wanda ya fara tashi falaki cikin irin waɗannan jiragen, an sa kujerun cillawa saboda mutum biyu ne kawai a ciki. Da aka fara ɗaukar mutane da yawa, wasu a bene na ƙasa, sai aka daina. Abin da ya fi ciwo, ɗakin mutanen Challenger bai tarwatse a take ba, ya fito daga cikin wutar a dunƙule ya yi ta faɗowa fiye da minti 2 kafin ya bugi teku, kuma an samu wasu daga cikin gorunan iskar gaggawa an kunna su. Babu laima, babu komai. Bayan nan suka sa wata doguwar sanda da za a zame a kanta a yi tsalle, amma sai jirgin yana shawagi a natse take da amfani.

Bakanike_01:
Shi ya sa ni Starship ke ba ni mamaki. Kamfanin da ya ƙona roka don gwada tsira, shi ne kuma yake gina wata babba da babu na'urar tsira ko kaɗan.

Gamzaki:
Hujjarsu ita ce jirgin fasinja ma ba a ba kowa laima, sai dai a yi ta tashi har a tabbatar abin ba ya faɗuwa. In ta tashi sau ɗaruruwa babu mutane, sai a sa mutane.

Injiniya_Tukur:
Irin tunanin da aka gina jirgi mai fukafukan a kai ke nan. Tafiya 135, an rasa biyu, rai 14. Jirgin fasinja yana tashi sau dubbai a rana guda, roka ba ta kusa da wannan ba. Ba na cewa ba za su kai ba, amma ni ba zan sa hannu a takardar ba yanzu.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan gwaji. Starship a buɗe masa nasa zaren, mun san inda yake kai mu.

Dalibi_ne_ni:
To wa ke yanke hukuncin a gudu, mutum ko kwamfuta? Na ga a labarin Baba mutane ne suka danna.

Dattijo_Mai_Rediyo:
Duka biyun, kuma kowanne ya taɓa yin daidai inda ɗayan zai yi kuskure. Kumbon Gemini na Amurka kujerun cillawa gare shi. 12 ga Disamban 1965, Wally Schirra da Tom Stafford, injuna suka kama suka mutu bayan daƙiƙa ɗaya da ɗoriya. Agogon cikin kumbo ya fara tafiya, ma'ana wai sun ɗaga. Doka ta ce in haka ta faru a ja zobe a fice, domin rokar da ta ɗaga ta dawo fashewa za ta yi. Schirra bai ji motsi a bayansa ba, sai ya ƙi ja. Ashe wani fulogi ne ya zare da wuri, rokar ba ta motsa ba. Bayan kwana 3 suka tashi da ita suka je suka iske Gemini 7 a falaki. Da ya ja, kumbon ya lalace, su ma Allah kaɗai Ya san yadda za su fito.

Zara_Matar_Wata:
A ɗaya gefen kuma Soyuz na 11 ga Oktoban 2018, Aleksey Ovchinin da Nick Hague. Wajen minti 2 da tashi, ɗaya daga rokokin gefe 4 bai rabu da kyau ba ya bugi ta tsakiya. Babu ɗan adam da zai iya yanke shawara a wannan ƙiftawar, kwamfuta ce ta yi. Kuma hasumiyar an riga an yar da ita 'yan daƙiƙoƙi kafin nan, wasu ƙananan injuna a jikin murfin kumbon ne suka janye su. Suka sauka a filin Kazakistan lafiya, a Maris na 2019 suka sake tashi tare. Sanadin duka wata 'yar sandar na'urar ji ce da aka lanƙwasa wajen haɗa rokar.

Injiniya_Tukur:
Ƙusa, fulogi, 'yar sanda. Kun lura ba a taɓa cewa lissafin ne ya yi kuskure ba?

Kaza_da_Yayanta:
To ai wannan ma yana rage wa gwajin naku daraja, Injiniya. Ka gwada kumbo na ɗaya ya yi kyau, na biyun da mutane za su hau wani ne zai ɗaure masa ƙusa wata rana daban. Gwajin bai hana shi mantuwa ba.

Injiniya_Tukur:
Bai hana ba. Amma yana nuna maka inda mantuwa ke iya ɓuya, sai ka canza yadda ake dubawa. Bawul ɗinmu yanzu ƙarfen jigilar ja ne, da doguwar igiya da ke reto har ƙasa.

Malamar_Kimiyya:
Gwajin da na fi so shi ne wanda ya lalace ya fi kyau. Mayun 1965, ana gwada na Apollo a White Sands a kan wata guntuwar roka, Little Joe II. An shirya sai ta kai can sama sannan a kunna. Tun a ƙasa-ƙasa ta kama juyawa kamar katantanwa har ta wargaje, abin da babu wanda ya tsara. Na'urar ta ji, ta fizge kumbon, laimomi suka sauke shi lafiya. Irin haka ta faru da New Shepard na Blue Origin a Satumban 2022, bakin injin ya fashe bayan minti ɗaya, babu mutane sai kayan bincike, kumbo ya tsere ya sauka, rokar ta faɗi. Su kuwa sun riga sun gwada a 2016.

Gamzaki:
Kuma ba Amurka da Rasha kaɗai ba. Indiya ta yi na kan dandamali a Yulin 2018 a Sriharikota, ta yi na cikin tafiya ranar 21 ga Oktoban 2023, duk kafin ta sa ko mutum ɗaya a kumbonta Gaganyaan. Na kalli wannan kai tsaye. Saura daƙiƙa 5 kwamfuta ta tsayar da harbin, na ce shi ke nan yau babu. Ba a yi awa biyu ba suka gyara suka harba, kumbo ya rabu a wajen kilomita 17 ya sauka a teku, sojan ruwa suka ɗauko shi. Kuma ƙaramar roka mai inji ɗaya suka ƙera musamman don gwajin. Sin ma ta yi na sabon kumbonta Mengzhou a kan dandamali a Yunin 2025. Sarki, duk burga suke yi?

Sarkin_Gardama:
Burga kam na janye, ban san da maganar fashewar 2019 ba. Amma har yanzu ina nan a kan rabin maganata. Indiya da ƙaramar roka, Orion da tsohon inji, Apollo da guntuwa. Kowa ya sami hanyar da ba sai ya ƙona ta gasken ba. Kuma Starliner ya ɗauki mutane ba tare da wannan gwajin ba.

Zara_Matar_Wata:
Akwai abin da ta gasken ke ba ka wanda guntuwa ba za ta ba ka ba. Kwamfutar rokar da ta kumbon sai sun yi magana da juna, ita ta ce na mutu, shi ya ji ya tafi. A Janairun 2020 an ga wannan da ainihin kayan da Bob Behnken da Doug Hurley suka hau irinsu bayan wata 4.

Uwar_Biyu:
Ni da ɗana ne zai hau, a ƙona biyu ma.

Kaza_da_Yayanta:
Ko an ƙona biyu, daƙiƙa biyu kawai aka gwada cikin tafiyar minti 9. Ta 40 fa? Ta 200 fa? Waɗannan duk lissafi ne, har a wurin SpaceX ɗin.

Dalibi_ne_ni:
Malama, ƙwan da kuke sakawa ɗanye ne ko dafaffe? Ina so in gwada, kuma zaren wane tsawo kuke yi?